Ina da cutar lufus, an ga farin tabo a bakin mahaifata: in ajiye magani?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a nan Damagaram, ina da ƴaƴa uku, babbarsu mace ce mai shekara 11. Shekara shida ke nan da likita ya tabbatar mini da cutar lufus, wadda take sa garkuwar jiki ta juya tana yaƙar mai ita, kuma tun da ta taɓa mini ƙoda, shekara biyu da suka wuce, aka ƙara mini azatiyofirin, maganin danne garkuwar jiki, a kan Plaquenil da firednizon da nake sha. A watan Oktoba na bi maƙwabtana gwajin bakin mahaifa. Ungozoma ta shafa ruwan binegar, ta ce ta ga farin tabo, ta ce ƙwayar cutar HPV ce take kawo shi, in koma a ƙona wurin. Ban koma ba. Na karanta a waya cewa magungunan lufus suna kawo sankara, shi ya sa yau kwana goma ban sha azatiyofirin ba, kuma ina tunanin ajiye sauran. An kuma ce ta hanyar kwanciyar aure ake ɗaukar ƙwayar, ni kuwa ban san wani namiji ba sai maigidana, wanda ya ƙara aure shekara uku da suka wuce. Ba na iya barci. Sankara ce gare ni? Za a cire mini mahaifa? Wa ya kawo mini wannan abu?

Daga wata uwa, unguwar Birni

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa abin da kike fama da shi ya zama kaffara.

Cikin duk abin da kika rubuto, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne kwana goman nan da kika yi ba ki sha azatiyofirin ba, don haka da shi zan fara. Ki je wurin likitan da yake duba ki cikin wannan mako, ki faɗa masa ranar da kika daina ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin ya auna fitsarinki da jininki ya ga halin da ƙoda take ciki, sannan ya faɗa miki yadda za ki koma kan maganin. Firednizon kuwa kada ki kuskura ki yanke shi farat ɗaya. Jikin da ya daɗe yana karɓarsa yakan rage sarrafa nasa sinadarin na halitta, kuma idan aka tsayar da shi kwatsam jini yana iya sauka ƙwarai, mutum ya galabaita har a kwantar da shi. Lufus ɗin da ya taɓa ƙoda yana iya tashi a ɓoye, ba ciwon gaɓɓai, ba ƙuraje a fuska, sai an ga kumburin ƙafa ko kumfa a fitsari bayan ɓarna ta yi nisa. Farin tabon da aka gani abu ne mai tafiyar hawainiya, ana lissafinsa da shekaru, ita kuwa ƙoda tana iya lalacewa cikin makonni ko watanni. Ajiye magani saboda tsoron tabo shi ne a gudu gara a faɗa gidan zago.

Yanzu ga tambayarki ta farko. Ban duba ki ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma maganar ungozomar tana ɗauke da labari mai kwantar da hankali. A irin wannan gwaji ana shafa ruwan binegar mai sauƙi a bakin mahaifa, a jira kamar minti ɗaya, inda ƙwayoyin fatar wurin suka fara sauyawa sai ya yi fari. Wannan farin yana nuna matakin da yake zuwa kafin sankara, wani lokacin ma kumburi ne kawai na wani ciwon sanyi yake sa wuri ya yi fari. Ƙa'idar aikin ita ce ba a ƙona wurin da ake zargin sankara ce, wadda aka ga irin wannan alama a jikinta tura ta ake yi wurin likitan mata a ɗebo ɗan nama a auna. Tunda ce miki aka yi ki koma a ƙona, alama ce ta cewa abin da ta gani ƙarami ne, a fili yake, kuma irin wanda ake gamawa da shi a zama ɗaya ne.

Ita ƙwayar HPV, wato bairos ɗin fafiloma, dangi ce babba mai nau'i sama da 200. Mafi yawansu ba sa kawo komai, wasu suna kawo ƙananan tsiro a fata ko a al'aura, kaɗan ne daga cikinsu, kimanin 14, suke da alaƙa da sankara. Biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ne suke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya gano su a cikin naman sankara a 1983 da 1984, aka ba shi kyautar Nobel a kan haka a 2008. Kusan duk wanda ya san kwanciyar aure, namiji ko mace, yakan haɗu da ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsa bai sani ba, kuma a cikin mutum 10 kusan 9 garkuwar jikinsu takan share ta cikin shekara biyu. Matsala tana farawa ne idan nau'i mai haɗari ya ƙi tafiya, ya zauna a bakin mahaifa shekara da shekaru yana sauya ƙwayoyin wurin a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce ga mace mai cikakkiyar garkuwa wannan tafiya takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ga mai raunin garkuwa sosai kuwa, kamar mai cutar sida da ba ta shan magani, tana iya gajarta zuwa shekara 5 zuwa 10.

A nan ne lufus ya shigo. Kin san cutarki, garkuwar jiki ce ta rikice ta juya tana yaƙar mai ita, fata da gaɓɓai da jini da ƙoda. Mutane sukan ɗauka garkuwar da ta yi irin wannan zafi ta fi ta kowa iya korar ƙwayoyin cuta, alhali kuwa dakarun da suka shagala da faɗan cikin gida ƙofar gari suke bari a buɗe. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna mata masu lufus sun fi sauran mata samun HPV a bakin mahaifa, sun fi ɗaukar nau'i fiye da ɗaya lokaci guda, kuma ƙwayar ta fi daɗewa a jikinsu, ko da ba sa shan magungunan danne garkuwa. Idan aka haɗa da magungunan, irin su azatiyofirin da mikofenolat da saiklofosfamid da firednizon mai yawa na tsawon lokaci, sai raunin ya ƙaru. Wani babban bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2017 ya gano cewa sauyin ƙwayoyin bakin mahaifa ya kai kusan ninki biyu a wurin masu lufus idan aka gwada su da sauran mata, kuma ya fi yawa ga masu shan magungunan danne garkuwa fiye da masu shan irin su Plaquenil kaɗai.

Ke nan abin da kika karanta a waya yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ce miki ƙarya ne ba. Sai dai an ba ki rabin magana. Maganin ba ya shuka ƙwayar HPV, sassauta tsaro yake yi, kuma ajiye shi ba zai goge tabon da ya riga ya fito ba. Abin da ya fi fitowa fili a binciken shi ne ƙaruwar matakin da yake zuwa kafin sankara, wato daidai matakin da ake gani da ido a magance shi cikin mintuna. Akwai kuma abin da ba a faɗa miki ba: idan lufus ya tashi saboda kin daina magani, abin da za a kwantar da shi da shi ya fi wanda kike sha ƙarfi, firednizon mai yawan gaske, wataƙila har da saiklofosfamid ta jijiya, kuma wannan ne zai fi bai wa ƙwayar fili. Mai son garkuwarta ta samu sararin yaƙar HPV, hanyarta ita ce lufus ya kwanta lafiya a kan mafi ƙarancin maganin da zai riƙe shi, kuma likita ne yake rage shi mataki-mataki yana duban sakamakon gwaji. Plaquenil, wanda ɗan'uwan tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro ne, ba ya cikin masu danne garkuwa da ƙarfi, shi ne ma yake rage yawan tashin cutar, saboda haka babu dalilin taɓa shi.

Batun cire mahaifa ki cire shi daga ranki a wannan mataki. Kalmar ƙonawa ce take firgita mata, kuma na daɗe ina ganin da an samo mata wata da mata da yawa ba su gudu ba. Abin da ake yi shi ne a ɗora kan wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 a kan wurin da ya yi fari na ƙasa da minti ɗaya, ko kuma a daskarar da wurin da iskar gas mai tsananin sanyi. Galibi ba a sa barci, mace takan ji murɗar mara kamar ta al'ada, ta tashi ta tafi gida da ƙafarta. Idan tabon ya yi faɗi ko ya shige ciki, ana shafce shi da wata siririyar waya mai aiki da lantarki, a kai naman a auna. Mahaifa tana nan daram, al'ada tana nan, kuma ana haihuwa bayan haka. Bayan aikin za ki ga ruwa-ruwa yana zuba har kusan mako huɗu, kuma a wannan tsakani ana son a dakatar da kwanciya, kada kuma a cusa komai, ko magani ko kayan mata, sai wurin ya warke. Saboda magungunan da kike sha, idan kika ji zazzaɓi, ko ruwan ya yi wari, ko jini ya yi yawa, ko mara ta matsa da ciwo, kada ki jira gobe.

Kafin a taɓa ki, ki gaya wa mai aikin abu uku: cewa kina da lufus, da sunayen magungunanki duka, musamman idan akwai asfirin ko wani mai tsinka jini, da kuma ko kina zaton kina da ciki, domin ba a yin wannan aiki da juna biyu. Lufus yakan rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini a wurin wasu, don haka ki tafi da sakamakon gwajin jininki na ƙarshe. Da ni ce ke, zan nemi likitan mata ya sake dubawa kafin a yi aikin, a babban asibitin ƙasa na Damagaram ko a cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, tunda watanni sun shuɗe kuma ke mai raunin garkuwa ce. Idan aka ba ki shawarar gwajin sida kada ki ɗauke shi cin fuska, gwaji ne da akan yi wa wadda aka ga irin wannan tabo a jikinta, saboda mata masu ɗauke da ita sun fi sauran haɗarin wannan sankara har ninki shida.

Ƙona tabo ba ya rufe magana, kuma wannan ne wurin da ya kamata ki bambanta kanki da maƙwabtan da kika bi. Macen da ba ta da wata larura, OMS ta ce ta fara gwaji daga shekara 30, ta maimaita bayan shekara 5 zuwa 10 idan gwajin neman ƙwayar HPV ne, ko bayan shekara 3 idan na binegar ne ko na furoti, wato wanda ake shafo ƙwayoyin bakin mahaifa a duba a madubin likita. Wannan tazara ta yi miki nisa. Ƙwararrun likitocin mata a Amurka sun fitar da shawara a 2019 cewa mai lufus, ko tana shan maganin danne garkuwa ko ba ta sha, a riƙa duba ta kamar yadda ake duba mai sida: furoti kowace shekara, sai an samu sakamako mai kyau sau uku a jere kafin a buɗa tazarar zuwa shekara uku. Ke da aka riga aka ga tabo, za ki koma bayan wata 12 da yin aikin ko da ba kya jin komai, domin a wurin mai raunin garkuwa tabon ya fi saurin dawowa. Rashin jin ciwo ba shaida ba ne, matakin farko ba shi da wata alama.

Alamun da suke fitowa daga baya su ne jini bayan kwanciya, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jini bayan mace ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ko ciwon mara da na baya da ba ya lafawa. Mu a nan, mace takan ga irin wannan jini ta aika a tambayo mata malam ko haila ce ko istihala, ta samu hukuncin sallarta, magana ta mutu a nan. Tambayar malam daidai ce, amma jinin da ya saɓa wa lissafi yana buƙatar idon likita shi ma. Wata kuma sai ta yi shekara tana shan jiƙe-jiƙen maganin sanyi. A 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da wannan sankara a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin tamu, inda ake zuwa asibiti a makare. Wadda cutar ta yi wa nisa har ta kai ga gashi da haske, sai ta kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, zuwa cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, inda aka fara wannan aiki a 2021. Ki auna wannan tafiya, da kuɗin mota da na masauki da barin yara, da minti ɗayan da kike gudu.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ce take hana ki barci fiye da sauran. Babu wani gwaji a duniya da zai nuna ranar da ƙwayar ta shiga jikinki ko daga wurin wa ta fito. Tana iya kwanciya shiru shekara 10 ko fiye, ta yi ƙasa har gwaji ya kasa ganinta, sannan ta farfaɗo ranar da garkuwa ta yi rauni, kuma ke kin faɗa da bakinki cewa shekara biyu ke nan da aka ƙara miki magani. Yana yiwuwa tun farkon aurenku take tare da ku. Yana yiwuwa maigidan ya ɗauko ta tun kafin ya san ki, bai kuma taɓa ganin wata alama ba, domin maza galibi ba sa ganin komai kuma babu gwajin da aka saba yi musu. Yana yiwuwa ta zo daga baya. Duka ukun suna yiwuwa, ba mai iya rarrabewa, saboda haka ba ki da hujjar tuhumar amarya, ita ma ba ta da hujjar tuhumarki, shi ma ba shi da ta tuhumar ɗayanku. Gwajin binegar ma bai auna ƙwayar kanta ba, fatar wurin kawai ya duba. Zato zunubi ne, kuma a wannan magana zato ne da ilimin likita ba zai taɓa tabbatar miki da shi ba.

Amma dole maigida ya sani, tunda mako huɗun nan na haƙuri da shi za a yi su. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce masa an ga wani sauyi a bakin mahaifa wanda ciwonki na lufus yake sa a fi samunsa, ana magance shi a zama ɗaya, kuma kina so ya raka ki ya ji daga bakin likita. Maza da yawa sun fi karɓar magana daga mai farar riga. Idan da hali, abokiyar zamanki ita ma ta je a duba ta idan shekarunta sun kai, kuma ya fi kyau kiran ya fito daga bakinsa, a matsayin abin da ya kamata kowace matar aure ta yi, ba tare da an jingina shi da sakamakonki ba. Kwaroron roba yana rage yaɗuwar ƙwayar amma ba ya tare ta gaba ɗaya, saboda ta haɗuwar fata take bi. Idan akwai mai shan taba ko shisha a ɗakinki, ki nisanci hayaƙin, taba tana cikin abubuwan da suke taimaka wa ƙwayar ta zauna.

Kin ambaci ƴarki mai shekara 11 a wuce, ni kuwa a wurinta na ga babbar dama. Akwai allurar rigakafin HPV tun 2006, kuma ta fi amfani idan aka yi ta tsakanin shekara 9 zuwa 14, kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar. A Ingila, binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin 100 a wurin waɗanda aka yi wa allurar suna shekara 12 zuwa 13. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sa ta cikin rigakafin yau da kullum tun Oktoban 2023, Kano da Jigawa suna cikin jihohin farko. Jita-jitar hana haihuwa, wadda ta bi kusan kowace allura da ta zo ƙasar Hausa, ba ta da tushe a nan ma, an yi wa miliyoyin ƴan mata sun girma sun haihu. Kasancewar uwa tana da lufus ba ya hana a yi wa ƴa. Ki tambaya a sashen rigakafi na CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko wurin likitan yara yadda za a samu.

Ke kanki allurar ba ta da haɗari a gare ki, domin babu ƙwaya mai rai a cikinta, kuma ƙungiyar likitocin cututtukan gaɓɓai ta Turai ta ƙarfafa yin ta ga masu lufus a shawarwarinta na 2019. Sai dai ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, ba ta warkar da tabo, abin da za ta yi miki shi ne kariya daga nau'in da ba ki haɗu da su ba tukuna, kuma a shekara 34 amfaninta bai kai na ƴarki ba. Mai raunin garkuwa ana so ta samu aƙalla allura biyu, uku idan da hali, kuma an fi son a yi lokacin da cutar take kwance. Idan kuɗi bai isa duka ba, ki fara da gwajin ƙoda, sai aikin bakin mahaifa, sai allurar yarinya, taki ta zo daga baya.

Likitan lufus ɗinki da likitan mata ba lallai su san abin da kowannensu yake yi ba, ke ce za ki haɗa su. Ki ajiye kaye guda ɗaya, ki rubuta sunan kowane magani da adadinsa, da ranar da aka yi miki gwajin binegar, da ranar da za a ƙona tabon, da watan da za ki koma baɗi, ki riƙa miƙa shi ga duk wanda kika zauna a gabansa. Idan kina da niyyar ƙara haihuwa ki faɗa musu tun yanzu, domin a gama da tabon tukuna, a kuma ga lufus ya kwanta aƙalla wata shida kafin ki ɗauki ciki. Idan kin dawo daga wurin likita ki rubuto mini abin da gwajin fitsarin ya nuna.